Yadda Ake Tashi Canjaras a Gasar Ches, Daga Tayi Har Sa Hannu

A gasar ches, wanda ya ci yana da maki ɗaya, wanda aka ci ba shi da komai, idan kuma aka tashi canjaras kowa ya ɗauki rabi. Wannan rabin makin shi ne mu masu buga ches don sha'awa a Jos muka fi zubarwa a banza. Dalili kuwa, yawancinmu a waya muka koyi wasan, inda manhaja ke ƙirga komai, ta kuma tsayar da wasa idan lokacin tsayawa ya yi. A kan allo na gaske, ga agogo a gefe ga mutum a gabanka, babu mai ƙirga maka. Kai za ka nema da bakinka, kuma neman yana da tsari, wanda in ka sa hannu kafin baki, haƙƙin ya tafi. Abin da zan bi a nan dokokin FIDE ne, hukumar ches ta duniya, bugun da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2023.

Kafin a taɓa agogo

Fara da takardar sharuɗɗan gasa, wadda ake turowa a WhatsApp kowa ya tsallake zuwa wurin kuɗin kyauta. Duba tsawon lokaci tukuna. Idan kowane ɗan wasa yana da minti 10 ko ƙasa da haka, bilits ne. Sama da 10 amma bai kai 60 ba, rafid ne. Daga 60 zuwa sama dogon wasa ne. Wajen wannan lissafi ana haɗawa da daƙiƙun da agogo ke ƙara maka a kowane taku, a ninka su sau 60: minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 ya zama minti 25, rafid ke nan. Sannan ka duba ko masu shiryawa sun hana tayin canjaras kafin a kai wani adadi na taku. Doka ta ba su wannan dama, har ma su hana tayin baki ɗaya sai da yardar alƙalin wasa, kamar yadda aka yi a gasar Sofiya ta Bulgeriya a 2005. In takardar ba ta ce komai ba, tambayi alƙali a gaban kowa kafin zagayen farko.

A nan ne kuma za ka daidaita maganar sallah. Agogo ba ya jiran kowa, ba a fita daga harabar gasa sai da izinin alƙali, wanda taku ke hannunsa kuma ko ɗakin wasa ba zai bari ba sai an yarje masa. Ka sanar da shi tun da safe, ku san inda azahar da la'asar za su faɗa a cikin jadawalin. Canjaras da yawa da ake yi da yamma ba allo ne ya kawo su ba, mutum ne ya hango magariba, yana tunanin samun keke zuwa Unguwar Rogo ko motar Bukuru, sai ya miƙa hannu alhali yana kan cin wasa. In watan Disamba ne, tafi da rigar sanyi. Wanda haƙoransa ke kaɗawa kowane tayi zai karɓa.

Rubuta kowane taku

A dogon wasa rubutu dole ne. Za ka iya dainawa ne kawai idan lokacinka ya gaza minti 5 kuma agogon ba ya ƙara daƙiƙa 30 a kowane taku. A rafid ba dole ba ne, kuma rashin rubutun bai tauye maka haƙƙin neman canjaras ba, amma ba hujja a hannunka sai abin da alƙali ya gani da idonsa, shi kuma alƙali ɗaya ne a kan tebur da yawa. Kana da damar neman takarda a wurinsa kowane lokaci. Da zarar ka ga wasa ya doshi maimaici ko dogon ƙarshe, nemi takardar, ko ka kira shi ya tsaya ya gani.

Yadda ake tayi

Tsarin huɗu ne a jere, kuma jerin shi ne dokar: ka yi takunka a kan allo, ka furta tayin, ka danna agogo, sannan ka rubuta alamar = a cikin baka kusa da takun. Shi ma abokin wasanka zai rubuta a tasa takardar.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tayi kafin taku. Mutum yana tunani, lokacinsa na tafiya, sai ya ɗago ya ce a raba. Tayin ya zauna, amma ka ba wancan kyauta, domin yana iya cewa ka fara yin takunka ya gani. In takun mai kyau ne ya karɓi canjaras, in ka yi ɓaranɓarama ya ƙi ya cinye ka. Ba za ka iya janye tayi ba bayan ya fita daga bakinka. Yana nan har sai ya karɓa, ko ya ƙi da baki, ko ya taɓa ƙwaya da niyyar takawa. Kuskure na biyu shi ne tayi bayan ka danna agogo, lokacin da yake tsakiyar lissafi. Wannan damun abokin wasa ne, kuma alƙali na iya hukunta ka.

Magana ta zama gajera, murya ƙasa. In dattijo ne a gabanka, "Baba, ina tayin canjaras" ya isa. In sa'anka ne, "Malam, mu raba?" Ban da sharaɗi, ban da bayanin dalili, ban da miƙa hannu a kan allo kafin ya amsa. Miƙa hannu ba magana shi ne ke haifar da rigimar da ta fi kowace muni, domin ɗaya zai ce canjaras ya fahimta, ɗayan ya ce sallamawa ce aka yi masa.

In ya ƙi, kada ka sake tayi sai zubin allo ya canja sosai. A al'adar wasan, wanda aka ƙi tayinsa yakan bar wa ɗayan ya yi na gaba. Yawan tayi laifi ne a doka, kuma yana gaya wa abokin wasa cewa tsoro kake ji. Haka nan wanda aka ci wa ruk, babbar ƙwayar da ke tafiya miƙe, a banza ba shi da bakin tayi. Wannan ba doka ba ce, kunya ce.

Idan kai aka yi wa tayi

Ba sai ka amsa nan take ba. Ɗora hannuwanka a cinya, domin taɓa ƙwaya ƙin tayi ne. Lokacinka ne ke tafiya, don haka kana da ikon tunani gwargwadon abin da agogo ya bar maka. Tambayi kanka me ya sa ya yi tayin yanzu. Mai retin, wato lambar da ke nuna ƙarfin ɗan wasa, da ya fi naka da nisa ba ya tayi don yana ƙaunarka, sau da yawa ya hango abin da kai ba ka gani ba tukuna, ka nemo shi. Sannan ka dubi agogo biyun, ka dubi kuma abin da kake nema a gasar. In bambancin retin ɗinku maki 200 ne kuma kai ne ƙarami, lissafin FIDE yana sa ran za ka samu wajen kashi 24 cikin 100 na makin, don haka canjaras riba ce gare ka, wajen maki 5 na retin ga wanda ake lissafa masa da ma'aunin 20, lambar da FIDE ke ninka canjin retin da ita. Amma in zagayen ƙarshe ne kuma sai ka ci za ka shiga sahun masu kyauta, rabi ba zai kai ka ko'ina ba.

Ra'ayina shi ne mai koyo ya rage karɓar canjaras a tsakiyar wasa, lokacin da allo ke cike. Manyan duniya sukan raba ne don sun ga ƙarshen hanya. Carlsen da Caruana sun yi canjaras a duk dogayen wasanni 12 na gasar kambin duniya a Landan a 2018, amma su sun san abin da ke gaba. Tsakanin irinmu kuwa, "daidai muke" ma'anarta ba wanda ya yi babban kuskure tukuna, kuma ƙarshen wasa, inda muka fi rauni, ba a koyonsa sai an buga shi.

In za ka ƙi, "mu ci gaba" ya wadatar, ko ka yi takunka kawai. In za ka karɓa, furta da baki, ku gaisa, a tsayar da agogo. Ba ka da damar tambayar aboki ko kocinka, ko da da ido ne.

Maimaici sau uku

A nan aka fi asara, don haka a bi a hankali. Abin da ake ƙirgawa zubin allo ne, wato inda kowace ƙwaya take zaune. Ba taku ake ƙirgawa ba, kuma ba sai maimaicin ya zo a jere ba. Zubi ɗaya zai iya bayyana a taku na 31, ya dawo a na 35, ya sake dawowa a na 43, duk an ƙirga. Amma kafin a ce zubi biyu ɗaya ne, sai mai takawa ya zama mutum ɗaya a duka, ƙwayoyi iri ɗaya a gidaje iri ɗaya, kuma damar da kowa ke da ita ba ta canja ba. Misali, in karon farko kana da damar yin kaslin, takun da sarki da ruk ke motsawa tare, daga baya sarkinka ya motsa ya koma gidansa, ido zai ga abu ɗaya amma doka ta ga biyu, domin damar kaslin ta tafi. Haka in a karon farko akwai damar cin soja a wucewa, wato cin sojan da ya yi tsallen gida biyu ya tsaya a gefen naka.

Wanda taku ke hannunsa ne kaɗai ke nema, kuma hanya biyu ce. In takun abokin wasanka ne ya kawo zubin karo na uku, kada ka taɓa komai a allo: tsayar da agogo, kira alƙali, ka ce kana neman canjaras ta maimaici. In kuwa naka takun ne zai kawo shi, kada ka yi takun. Rubuta shi a takarda, tsayar da agogo, kira alƙali, ka nuna masa abin da ka rubuta ka ce shi za ka yi. Wannan yana cikin 'yan wuraren da doka ta yarda a rubuta taku kafin a yi shi. Wanda ya yi takun ya danna agogo sannan ya ɗaga hannu ya makara, domin yanzu taku na hannun wancan, shi kuma yana iya kauce wa maimaicin. Ko taɓa ƙwayar kawai ka yi da niyyar takawa, damar wannan karon ta wuce.

Alƙali zai sa a sake bin wasan daga takarda. In ka yi daidai, wasa ya ƙare nan take. In ka yi kuskuren ƙirga, za a ƙara wa abokin wasanka minti 2 a dogon wasa, minti 1 a rafid da bilits, kuma dole ka yi takun da ka rubuta ko da ka gano ba shi da kyau. Ka kuma sani, neman kansa tayi ne a doka, don haka wancan yana iya karɓa ko da lissafinka bai cika ba.

Dabarar da ke taimakawa: duk lokacin da ka ji zubin nan kamar ka taɓa ganinsa, duba takardarka ka gano lambar takun da ya fara bayyana, ka riƙe ta a kai. Kada ka yi wasu alamomi a takardar, doka ta iyakance abin da ake rubutawa a cikinta. Ƙa'idar maimaici ba ƙanana kaɗai take kamawa ba. A 1971 a Buenos Aires, Petrosian yana da rinjaye a wasansu na uku da Fischer, bai lura zubi ya dawo sau uku ba, Fischer ya kira alƙali ya kuɓuta da rabin maki.

In zubi ya kai sau biyar, ba a jiran kowa ya nema, wasa ya ƙare canjaras.

Taku hamsin

Idan kowannenku ya yi taku 50 a jere ba a ci ƙwaya ba, ba a kuma motsa soja ba, mai takawa zai iya neman canjaras da irin tsarin da ya gabata. Taku 50 na Fari da 50 na Baƙi ake nufi, ba 25 da 25 ba, kuma duk cin ƙwaya ko motsin soja yana mayar da ƙirga farko. A taku 75 alƙali ne ke tsayarwa da kansa, sai dai in takun ƙarshen cekmet ne, wato harin da sarki ba shi da hanyar kuɓuta daga gare shi. Maganar da ake ji a dandali cewa in sarki ya rage shi kaɗai ana ƙirga masa 16 ko 21 ba ta cikin dokokin FIDE. Ba kasafai ake kaiwa hamsin a wasanmu ba, sai inda wani ya rage da bishof, ƙwayar da ke tafiya a karkace, da doki a kan sarki tilo. Ana iya kashewa da su cikin taku 33 in an iya, amma kaɗan ne suka iya, saboda haka in kai ne mai sarki tilo kada ka sallama, riƙe lambar takun da aka yi cin ƙarshe a kai ka fara ƙirga.

Idan lokaci ya ƙare

Lokacinka ya ƙare, amma ba lallai an ci ka ba. Tambayar ita ce: akwai wani jerin halattattun taku, komai wautarsu, da zai sa wancan ya yi maka cekmet? In babu, canjaras ne. Mai sarki tilo ba ya cin kowa da agogo. Amma kada ka ɗauka doki ɗaya ba ya ci. A ce kana da sarki da ruk, shi yana da sarki da doki: sarkinka a h8 (sunan gida ne a allo: harafi layin tsaye, lamba sahun kwance), ruk ɗinka a g8, sarkinsa a h6, dokinsa ya sauka f7, cekmet ne. Tun da hakan na iya faruwa, in lokacinka ya ƙare an ci ka, ko da ba mai hankalin da zai kai kansa can. Wasu manhajojin waya suna yanke wannan daban, shi ya sa ake jayayya.

A gasar da ba ƙarin daƙiƙa, akwai tanadin da ke ba wanda lokacinsa ya gaza minti 2 damar tsayar da agogo ya nemi canjaras, in abokin wasansa ba ya ƙoƙarin ci sai jiran agogo. Yana aiki ne kawai in an sanar tun kafin gasa cewa za a yi amfani da shi, kuma ban da bilits.

Ceto a kan allo

Duk wannan tsari ba zai amfane ka ba in ba ka san inda canjaras ke ɓuya ba. Sarki da sarki, sarki da bishof ɗaya a kan sarki, sarki da doki ɗaya a kan sarki, duk wasa ya mutu da kansa, ba a ci gaba. Sauran kuwa sai ka gina su.

Na farkon da ya kamata ka haddace shi ne sarki da soja a kan sarki. Jera: sarkin Fari a e5, sojansa a e6, sarkinka a e7, kai ke da taku. Koma baya miƙe, zuwa e8. Ya zo d6, ka tsaya masa ido da ido a d8. Ya tura soja e7 da cek, wato hari a kan sarkinka, ka koma e8, ya kare sojan da sarki a e6, kai kuma ba ka da gidan zuwa kuma ba cek a kanka. Stelmet ke nan, canjaras. Da ka fara da d8, sai ya zo d6, ka koma e8, soja ya hau e7 ba cek, a tilasta maka fita f7, sarkinsa ya shiga d7, soja ya zama sarauniya. Gida ɗaya ne tsakanin rabin maki da sifiri.

Sai ƙarshen ruk da soja a kan ruk, wanda ke yawan zuwa. Kariyar da Philidor, masanin ches ɗan Faransa, ya bayyana tun 1777 har yau ita ce: sarkinka a gaban sojan, ruk ɗinka a sahu na uku daga ɓangarenka, yana hana sarkinsa hawowa. Yi ta kai da komo a wannan sahu. Ranar da ya gaji ya tura soja cikin sahun, sauke ruk zuwa can ƙarshen allo ka dinga ba shi cek ta baya, domin sarkinsa ba shi da sauran mafaka.

In yana da bishof da sojan gefe, na layin a ko h, duba launin gidan kusurwar da sojan zai sauka. In bishof ɗin ba ya taka wannan launi, garzaya da sarkinka kusurwar ka zauna, ba mai fitar da kai. In kana baya da soja ɗaya ko biyu, nemi musayar da za ta bar ku da bishof masu launi daban, ka jera sojojinka a launin naka bishof. Ka riƙa musayar sojoji, ka guji musayar manyan ƙwayoyi ba dalili.

In sarauniya na hannunka kuma sarkinsa a buɗe yake, nemi cek marar yankewa. Sarkinsa a g8, soja a g7, f7 da layin h a buɗe: sarauniya e8, ya tafi h7, sarauniya h5, ya koma g8, haka nan muddin ba ƙwayar da za ta shiga tsakani. Cek marar yankewa ba doka ba ce mai zaman kanta. Maimaici sau uku ne zai ƙare shi, don haka ka ƙirga ka nema yadda aka faɗa a sama.

Wanda ke kan ci kuma ya kula. Sarki a h8, ka ɗora sarauniya a f7 cikin gaggawa, in ba shi da wata ƙwaya mai motsi ka kyautar da rabin maki.

Sa hannu

Canjaras na yarjejeniya ba ya halatta sai kowa ya yi aƙalla taku ɗaya. Shirya sakamako tun a waje kuwa, irin na abokan da suka zo a mota ɗaya, laifi ne. A gasar bilits ta duniya a Samarkand, Disamba 2023, Dubov da Nepomniachtchi sun yi ta yawo da dawakai suka tashi canjaras, alƙali ya ba kowannensu sifiri.

Bayan an gama, rubuta ½-½ a takardu biyun, ku sa hannu ku biyu, kuma ka karanta tasa kafin ka sa. Sakamakon da aka sa wa hannu shi ke zama ko da kuskure ne, sai in alƙali ya ga dama ya gyara. Ku kai takardun tare, ku mayar da ƙwayoyi gidajensu, bitar wasa kuma a yi ta a waje don wasu na kan bugawa. Idan aka liƙa jadawalin zagaye na gaba, je ka duba makinka kafin ka zauna, domin a tsarin Suwis da makin ake haɗa 'yan wasa, kuma gyara ya fi sauƙi kafin a danna agogon sabon zagaye.